Goron da Yaya Ta Cinye

Yayata ce ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, mahaifinmu kuwa falke ne, rabin shekara yana kan hanya tsakanin Kumasi da arewa, saboda haka a bayan Yaya na girma, a cikin Zango, a rumfar da mata suke zaɓen goro. Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, bayanta nake tunawa. Shekara goma sha biyu ta ba ni. Har na tara gemu ba ta daina kirana Auta ba, ko da a gaban surukaina ne.

Zaɓen goro shi ne sana'arta. A kwance huhu a zube a tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ware fari daga ja, ta ware manya daga ƙanana, ta fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga, kafin ya ɓata sauran. Ba ta cika kallon goron ba. Bakinta na hira, idonta na kan tukunyar da ke murhu, yatsunta ne kawai ke aiki, kuma ban taɓa ganin sun yi kuskure ba. Idan fatake za su sayi kaya mai yawa daga hannun Tonawa, wato Asantawa masu ƙasar, ita ake aika wa ta zo ta duba. Mai kaya zai buɗe kwando, ka ga goro a sama manya-manya sai sheƙi yake, amma Yaya ko kallo bai ishe ta ba. Sai ta zare awarwaronta ta ba ni in riƙe, ta kau da fuska gefe, ta cusa hannu har gwiwa, ta ɗebo daga ƙasa, ta ɗebo daga tsakiya, ta ɗebo daga jikin kwando. Abin da hannunta ya fito da shi, shi take fasawa ta duba. In mai kaya ya miƙo hannu wai zai taya ta ɗiba, sai ta buge hannun, ko da dattijo ne.

"Auta, na sama na ido ne," haka take ce mini a hanyar komawa gida. "Kuma mai kaya ba ya ɗebo maka. Ko ni ce mai kayan, kada ka bari in sa hannu kwaraa, ko sau ɗaya."

Mijinta na fari ya rasu a murar nan da ta share mutane bayan babban yaƙin Turawa. Da ta gama takaba ta auri wani mai sayen goro, mutumin kirki mai ƙarancin magana, wanda yake zaune a wani ƙauyen Tonawa, kwana uku daga Kumasi ta arewa, inda kurmi yake fara raguwa. Baƙi gida biyar ko shida ne a gefen ƙauyen, da ɗan zangonsu. Duka ƙauyen tafki ɗaya suke sha. Shekara ta biyu da tarewarta kurkunu ya kama ta.

Yaran Zango da suka tashi da famfo ba su san kurkunu ba sai a baki. Tsutsa ce doguwa fara kamar zare, a ruwan tafki ake shan ta, ta yi shekara a jikin mutum shiru, sannan ta huda fata ta leƙo, galibi a ƙafa. Ba a jan ta da ƙarfi, don in ta tsinke a ciki wurin kumbura yake yi ya ruɓe. Sai dai a dinga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kowace rana, mutum na kwance wata ɗaya, wata biyu, daidai lokacin da gona ke nemansa. Yaya ta yi shi shekara uku a jere. Duk zuwan da na yi sai in tarar gwiwarta ta hagu ta ƙara ƙin lanƙwasuwa, ita kuma ta ƙara yawan barkwanci don kada in lura.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, ina yawon ƙauyuka ina saya wa wani maigida goro. Tonanci a bakina kamar Hausa. Shi ya sa da aka zo Zango ana nema wa wani likita Bature tafinta, aka nuna ni. Likitan ya yi aiki da sojoji, saboda haka yana jin Hausa, irin ta bariki, wadda duk maganar da aka yi da ita sai ta fito kamar umarni. Ko sannu da aiki ya ce maka sai ka ji kana neman ƙamewa. Tonanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Dogo ne siriri, rana ta dafa masa wuya, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke son littafinsa kamar shi ba.

Tun ran farko ya gaya mini aikin. Gwamnati za ta haƙa rijiya uku, masu siminti da murfi, a wani yanki mai ƙauyuka wajen ashirin, shi kuma an aiko shi ya gano inda kurkunu ya fi yawa don a haƙa su can. Ba zai iya duba kowa ba, damina na tafe, saboda haka a kowane ƙauye zai duba mutane kaɗan su tsaya a madadin sauran. Ya karanto sunayen ƙauyukan. Sai ga na Yaya a cikinsu. Ban gaya masa ina da 'yar'uwa a can ba. Na dai ƙudurta a raina cewa ɗaya daga cikin rijiyoyin nan uku tata ce, ko ana ha-maza ha-mata.

Muka fita ta Suame, wadda a lokacin 'yan gidaje ce a bakin daji, likita a kan keke in hanya ta yarda, ni da 'yan dako a ƙasa.

A ƙauye na farko sarkin ƙauyen ya karɓe mu da doya da ƙwai da tunkiya. Likita ya ce a kawo masa mutum talatin ya duba. Aka buga kuge, kafin a jima ga mutum talatin a gindin bishiya, samari majiya ƙarfi da 'yan mata sun sha mai, ƙafafu sumul. Likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya rubuta, yana gyaɗa kai. Haka a na biyu, haka a na uku. Ni kuwa in na zagaya bayan gidaje neman ruwan alwala, nishi nake ji ta kowace katanga. Ban ga laifin sarakunan ba. Mutane ba su manta ba cewa inda likitan gwamnati ya ga ciwo, wani lokaci gida ake rushewa, ko a kwashe mutane a kai su wani wuri. Ban da haka ma, wa zai yi baƙo ya jera masa guragunsa? Sannan ko ba a ɓoye kowa ba, mai kurkunu ba ya iya tafiya, duk wanda ya iso gindin bishiya da ƙafarsa ai lafiyarsa ƙalau.

Na gane wannan sarai, na kuma yi gum da bakina. A ganina duk ƙauyen da ya fito lafiyayye a littafin likita, ya kauce wa ƙauyen Yaya daga hanya ke nan. Ina faɗa yau ne don na tsufa, kunyar ta yi sauƙi.

Abin da ya ɓata mini shiri bakin 'yan dako ne. Wani cikinsu ya sha bammi ya saki maganar rijiya, labari kuwa ya riga mu tafiya. A ƙauye na biyar gindin bishiya ya zama asibiti. An kwaso marasa lafiya a kan ƙyaure da tabarma, wasu ma lafiyayyu ne aka naɗe musu ƙafa da tsumma aka shafa manja. Likita ya rubuta har hannunsa ya gaji. Washegari a ƙauye na gaba aka kawo wani tsoho mai farin gemu a kan ƙyaure, yana nishi yana kiran iyayensa. Likita ya durƙusa zai kwance ƙafar, sai ya tsaya cak. Bandejin da ke ƙafar na likitan ne, ɗaurin hannunsa na jiya. Aron tsohon aka yi, an ɗauko shi da sassafe ta gajeriyar hanya. Tsohon ya buɗe ido ɗaya, ya gane likita, ya gaishe shi da fara'a kamar sun daɗe da sabo.

'Yan dako suka bushe da dariya. Likita bai yi dariya ba. Ya koma ya zauna a kan akwatin magani, ya buɗe littafinsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira ni.

"Tafinta! Wannan littafi duka ƙarya. Na baya ƙarya, na yau ƙarya. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

"Ka sani tun da?"

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ba tsoron Allah ne ya buɗe mini baki ran nan ba. Na ga ne in aka ci gaba a haka, ƙauyen da ya fi iya aron marasa lafiya shi zai tafi da rijiya, ƙauyen Yaya kuwa ƙarami ne a ƙarshen hanya, ba shi da maƙwabta na kusa da za su ba shi aro. Sai na ba shi labarin yadda ake sayen goro a Zango. Na ce masa na saman kwando yake ta dubawa, kuma mai kaya ne ke ɗebo masa. Ban ce yayata ce ta koya mini ba, na ce wata mata ce.

Ya sosa wuyan nan nasa, sannan ya ce, "Ƙauye ba kwando. Ta ina za a sa hannu?"

Kwana biyu muka yi a wurin muna gwade-gwade, ga kuma abin da muka tsaya a kai. In mun isa ƙauye ba a tara kowa. Ni da ɗan aiken sarki mu bi gida-gida, duk inda ake hura wuta a dafa abinci gida ne, har bukkokin da ke cikin gonaki, har zangon baƙi wanda sarakuna kan manta da shi in ana ƙirga. Kowane gida in ciro masa goro ɗaya daga buhu, ya yi masa alamarsa da wuƙa, ya jefa a jakar fata. Da farko mun ce kowa ya kawo abin da ya ga dama, sai wani sarki ya jefa ƙaton zoben tagulla, hannu kuwa na shiga jaka shi ya fara cafkowa. Daga nan muka koma goro, tsara ɗaya, wanda ni nake zaɓowa. A girgiza jakar a gaban jama'a, ni da nake baƙo a ko'ina in kau da fuska in cusa hannu in zaro, goro ɗaya a kowane biyar. Gidan da goronsa ya fito, likita ya tafi can da ƙafarsa ya duba duk mai kwana a cikinsa, wanda ya tafi gona a jira shi. In an gama a mayar wa kowa goronsa ya ci.

Sai da muka koma baya muka sake ƙauyukan farko, 'yan dako na tsine mini a hanya. Amma abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Sarakuna sun ji daɗi, don ba mai cewa sun fifita wani. Ranar zaro goro ta zama kamar ranar kasuwa, mata na shewa in na gidansu ya fito. Wani gidan mu shiga mu tarar kowa lafiya, likita ya rubuta. Wani mu tarar da uwa da 'ya'ya jere a tabarma, ya rubuta. Sau ɗaya goron wani gida da ke can cikin gona, bayan rafi, ya fito, na ce wa likita a mayar a zaro wani na kusa. Ya ce abin da ya fito ya fito, ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan. Na ga ɗakuna da mutane waɗanda shekara goma ina sayen goro a ƙauyukan ban san da su ba. Likita ya fara fito in yana tafiya. Ni ma na fara ɗaga kafaɗa, har ina gyara wa sarakuna yadda ake girgiza jaka.

Duk da haka, da muka kusa ƙauyen Yaya, sai da na shiga kayan goro na tsinto guda ɗaya mai ɗan ƙullutu kusa da gindi, wanda ido ba zai kula ba amma yatsa zai gane. Na sa shi a aljihu dabam. Ni ma rainon rumfar goro ne, na san ko cikin ɗari zan lalubo shi.

Mun isa da hantsi. Na bi gidajen Tonawa, na bar zangon baƙi a ƙarshe, na bar gidan Yaya a ƙarshen ƙarshe. Ɗan aiken sarki ya tsaya a waje yana hira. Abin da na tarar ya wuce yadda na yi tsammani. Mutum tara ne a gidan, shida na kwance, har da mijinta. Ita kurkunu biyu ne, ɗaya a idon sawu, ɗaya a gwiwar nan ta hagu, gwiwar ta kumbura tana ƙyalli. Ta rame. Tana zaune a inuwar ɗaki ta jingina da bango, da faifai a cinya tana tsince wake, don ba ta iya zama haka nan ba.

"A'a, Auta! Ashe kai ne babban mutumin da ake ta faɗi, mai jakar goro? Matso in gan ka. Wa ya ɗinka maka wannan wandon, maƙiyinka?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi matata da yara ɗaya-ɗaya, ta tambayi wa ya mutu wa ya haihu a Zango. Na ba ta labarin aikin, na ce dabararta ce muke yawo da ita ƙauye-ƙauye, Bature na rubutawa a littafi. Ta yi dariya har ta dafe gwiwa don zafi.

"Yoo. To ba ni na gidan nan in yi masa alama. Maigida hannunsa na rawa."

Na sa hannu a aljihu na miƙa mata. Ta karɓa tana ci gaba da magana, idonta a kaina, tana tambayata ko har yanzu rufin rumfarsu na yoyo. Sai na ga babban yatsanta ya zagaya goron sau ɗaya ya tsaya. Maganar ma ta tsaya. Ba ta dubi goron ba, ni ta duba.

"Na sauran mutane daga buhu ka ciro musu, ko daga aljihu?"

Na ce daga buhu.

"Wa ke zarowa a jaka?"

Na ce ni ne.

Ta ɓare goron gida biyu, ta jefa ɓari ɗaya a baki, ta tauna a hankali tana kallona. Ta miƙo mini ɗaya ɓarin. Na ƙi karɓa, sai ta haɗa da shi ta cinye.

"Goro mai kyau paa," in ji ta. "Kawo buhun."

Nan na fashe. Na ce Yaya, dubi ƙafarki. Na ce dubi gidan nan, mutum shida, in likita ya shigo ya rubuta, ƙauyen nan ya sami rijiya. Na ce ai ba ƙarya zan yi ba, ciwon gaskiya ne, ba aro aka yi ba, ba manja aka shafa ba. Na ce in kika ci gaba da shan tafkin nan, wata rana gwiwar nan ba za ta sake lanƙwasuwa ba, ni na sani, ke ma kin sani. Ina magana hawaye na zuba, ƙato da ni, da gemuna.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ciwon gaskiya ne. Goron saman kwando ma ai goron gaskiya ne, Auta, ba dutse ba ne. A sauran ƙauyukan ka zaɓa wa wani?"

Na ce a'a.

"To can ma akwai mai gwiwa irin tawa, ita dai ba ta da ƙane mai jaka. Shekara nawa ina buge hannun dattawa a kasuwa, yau a ce ƙanena ya shirya wa Bature saman kwando saboda ni? Ina zan sa fuskata?" Ta goge wuƙa a gefen zaninta. "Kuma kai yanzu mai kaya ne. Je ka gaya masa ni yayarka ce, wani ya zaro."

Ta kau da fuska, ta cusa hannu a buhu, ta ciro goro ɗaya, ta zana masa layi uku, ta jefa shi a jakar fata da hannunta. Ba ta yarda ya bi ta hannuna ba.

Da na gaya wa likita, ya dube ni ya daɗe. Na ɗauka korata zai yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Matar kwando?" Na ce ita ce. Ya naɗe hannun rigarsa, ya tsaya a tsakiyar jama'a, ya kau da jar fuskarsa gefe kamar yadda ya ga ina yi, ya cusa hannu. Gida arba'in ne a ƙauyen, goro takwas zai zaro. Ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na iya. Kowanne ya fito sai in leƙa ina neman layi uku. Na takwas ya fito da alamar kibiya, na wani masaƙi ne a bakin hanya, gidan da mutum ɗaya kawai ke ɗingishi.

Muka bi gidajen takwas har la'asar. Akwai ciwo ba kaɗan ba, har na fara sa rai. Da aka rufe littafi likita ya ce in kai shi wurin Yaya. Ya wanke mata ƙafa da hannunsa ya ɗaure, ya duba sauran na kwance, bai rubuta ko ɗaya ba. Ya ce a dinga tace ruwan sha da ƙyalle, ko a tafasa shi. Sannan ya cire hularsa ya ce mata da Hausarsa ta bariki, "Kai malami. Na gode." Yaya ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce in gaya masa ya riƙa girgiza jakar sosai, ta ji an ce yana yi mata kamar mai lallashin jariri. Ta sa aka ba shi farin goro guda goma.

Bayan mun koma Kumasi da 'yan makonni likita ya aiko a kira ni. Ƙauyen Yaya ya zo na huɗu. Na uku wani ƙauye ne a bayan dutse, rabin yini daga nata. Na yi masa tambayar da bai kamata in yi ba: da goronta ya fito fa? Ya buɗe littafi, ya yi 'yan rubuce-rubuce a gefe, ya ce da ya fito a madadin na masaƙin, da ƙauyen Yaya ne na uku, na bayan dutse su koma na huɗu. Bai ɓoye mini ba, ni kuwa na so a ce ya ɓoye.

Na yi fushi da ita, fushi na gaske. Tana tace ruwa yadda aka ce, amma mutum ba ya yawo da ƙyalle duk inda ƙishi ya same shi. Shekara biyu bayan haka, lokacin da mutanen bayan dutse suka daɗe suna shan rijiyarsu, kurkunu ya sake fito mata a gwiwar, ya tsinke a ciki. Ta yi wata huɗu a kwance. Da ta tashi ƙafar ta ƙage a miƙe, ba ta sake lanƙwasuwa ba har ta koma ga Allah.

Mijinta ya tattara suka dawo Zango, ta koma rumfarta ta da. Ta ce ita ba ta yi asarar komai ba, dama a miƙe take ajiye ƙafa in tana zaɓe. Ni kuwa in na gan ta tana salla a zaune, ko tana jan ƙafar da sanda zuwa bayan gida, sai in kau da kai. Ita ce mutumin da na fi so a duniya, kuma na kasa zama kusa da ita. Kusan shekara guda ina zuwa in gaishe ta daga tsaye in wuce. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai duk ranar da na zo ta miƙo mini ɓarin goro, in ce na gode, ba na ci yau, ta ce yoo, ta cinye abinta.

Wata rana ina shirin fita sayen goro ta ce in tsaya. Ta miƙo mini wata 'yar gora mai marfi.

"In hanyarka ta bi ta bayan dutse, ɗebo mini ruwan rijiyar nan. Tun da aka saye ta da ƙafata ban duba kayan ba."

Hanyata ba ta bi ta can ba, amma na bi. Na isa da hantsi na tarar da mata a bakin rijiya ana ta hayaniya a kan wa ya riga wa. Na zauna a gefe kamar mai hutawa ina duban ƙafafu. Tabo ko'ina, tsofaffi, baƙaƙe, amma ban ga tsinke ɗaure a ƙafar kowa ba. Sai na tuna cewa masu zuwa rijiya ai masu ƙafa ne. Na tashi na shiga gari, na rufe ido na juya na nuna wani gida, na yi sallama na roƙi ruwa. Na sake yin haka na shiga wani, na shiga na uku a can ƙarshen gari. Ba wanda ke kwance. A na ukun wata mata ce sa'ar Yaya, da tabo uku a gwiwa, ta durƙusa har ƙasa ta miƙo mini ƙwarya, ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba. Na kalli wannan gwiwa har matar ta tsargu. Ban san ko haushi nake ji ko daɗi ba, ina jin duka biyun ne.

Na cika gorar na toshe, na ɗauko ta rataye a wuya har Kumasi. Na sami Yaya a rumfa bayan azahar, goro tsibi a gabanta. Ta zuba ruwan a ƙoƙo, ta karkata shi ga haske ta duba, ta sansana, ta kurɓa ta riƙe a baki kamar yadda take yi wa goron da take shakka. Ta haɗiye.

"Mutanen fa?"

Na gaya mata na shiga gida uku, ido rufe na zaɓa, ba na kwance. Na gaya mata labarin matar.

"Ta durƙusa har ƙasa?"

Na ce har ƙasa.

"Ta tashi ba dafawa?"

Na ce ba dafawa.

Ta shafa gwiwarta da tafin hannu. Idonta ya ciko, abin da ban taɓa gani ba tun da ƙafar ta ƙage. Sannan ta ja hanci ta ce, "To, ba a cuce mu ba. Kaya mai kyau ne."

Ta shanye sauran ruwan, ta kau da fuska, ta cusa hannu a tsakiyar tsibin ta ciro goro ɗaya, ta ɓare, ta miƙo mini ɓari. Na zauna a tabarma kusa da ƙafar, na karɓa na ci.